Dare a Zongon Kumasi: Tarihin Rashin Barci da Wanda Magani Yake Yi wa Amfani

Kowace safiya a Zongon Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase, daga Sabon Zongo zuwa Alabar, gaisuwa ta fari ita ce, "Ina kwana?" Amsa kuwa ɗaya ce, "Lafiya lau." Mai gadin da ya kwana a tsaye a bakin kanti haka zai ce. Tsohuwar da ta kwana tana juyi a kan gado har carar zakara ita ma haka za ta ce. Dukansu biyu ba su runtsa ba, amma ciwonsu dabam dabam ne, maganinsu kuma dabam ne.

Masu karatun Littafi Mai Tsarki sun san waɗannan mutane biyu tun da daɗewa. A Farawa sura 31 Yakubu ya tuna wa Laban shekarun da ya yi yana kiwon garkensa, zafin rana da sanyin dare suka hana shi barci. A Esta sura 6 kuma ga Sarki Ahasurus, mai fāda da gado da bayi, ba abin da ya tsare masa dare, duk da haka barci ya ƙi zuwa har ya sa a karanta masa littafin tarihi. An ƙwace wa Yakubu darensa. Ahasurus yana da dare a hannu amma ya kasa morarsa. Likitocin zamani sun ɗauki shekaru masu yawa kafin su iya raba waɗannan biyu sosai, su kuma gane wanda sabuwar hanyar warkarwa marar ƙwaya za ta yi wa amfani. Tarihin Zongo da tarihin wannan bincike suna haskaka juna.

Garin da goro ya kafa

Zongon Kumasi ɗan goro ne. Tarihin Kano ya ambaci hanyar Gwanja tun ƙarni na 15. Fatake sukan tashi daga Kano, Katsina da Sakkwato da jakuna, ɗauke da kanwa, tufafi da fatu, su yi wata biyu zuwa uku a hanya kafin su kai Salaga, su saro goron kurmin Asante su koma. A yawancin ƙarni na 19 sarakunan Asante sun tsai da fataken arewa a Salaga, ba su so su gangaro cikin kurmi. A shekarar 1874 sojan Ingila suka ƙone Kumasi, ikon Asante a kan Salaga ya karye. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salaga, mutanenta suka bazu zuwa Kete Krachi da wasu garuruwa. A 1896 Turawa suka kama Sarki Prempeh na Ɗaya, bayan yaƙin Yaa Asantewaa na 1900 kuma ƙasar ta koma hannunsu gaba ɗaya. Daga nan ne ƙofar Kumasi ta buɗe. Tsofaffin sojoji Hausawa, fatake da malamai suka zauna. Jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi a 1903, goro ya koma bin teku zuwa Ikko, daga can ya hau jirgi zuwa Kano.

Bayan Hausawa sai ga Mosawa, Zabarmawa, Wangarawa, Dagombawa, Frafra, Dagaaba, Kasena da Yarabawa, masu neman aikin koko, haƙar zinariya da dako. Hausa ta zama harshen da ya haɗa su. Cikinsu akwai Kirista daga ƙasar Navrongo, inda aka kafa mishan a 1906, da ƙasar Jirapa, inda aka kafa a 1929.

Abin lura shi ne, hajar da ta kafa garin maganin barci ce, wato mai korar barci. A cikin goro akwai sinadarin kafin, irin wanda yake cikin kofi da shayi, kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa. Fatake sun ƙaunace shi domin yana kashe yunwa da ƙishi, yana kuma buɗe ido. Idan mutum ya ci, sai bayan kamar sa'a 5 rabin sinadarin yake fita daga jininsa. Wani gwaji da aka buga a Amurka a 2013 ya nuna cewa kafin mai yawa da aka sha sa'a 6 kafin kwanciya ya rage wa mutane barci fiye da sa'a guda. Ashe goron la'asar yana nan a jiki har tsakar dare. Haka kuma ataya da samari suke dafawa a dandali bayan lisha.

Ayyukan Zongo ma na dare ne. Gadi ya daɗe yana hannun 'yan arewa a biranen kudancin Gana. Mai koko da mai waakye sukan hura wuta tun kafin asalatu domin su riski masu sammakon kasuwar Kejetia. Mahauta da direbobin manyan motoci masu zuwa Tamale, Bolga da Wagadugu haka suke. Yawancin iyalai kuma suna zaune a ɗaki ɗaya cikin gidan haya mai tsakar gida ɗaya, ga zafi, ga sauro, ga rediyon maƙwabci. Garin ya kuma ga darare na tsoro. Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar ƙasar, mutane sama da dubu 100 suka fita, aka raba iyalai, aka sayar da gidaje a wulakance. A 1983 ga fari da gobarar daji, ga kuma 'yan Gana kimanin miliyan ɗaya da aka koro daga Nijeriya.

Zamanin ƙwaya

Kafin asibiti, wanda barci ya guje wa yakan nemi saiwa, rubutu ko addu'a. A Turai kuwa aka bi hanyar sinadari. A 1869 wani likita a Balin, Oscar Liebreich, ya shigo da kuloral a matsayin maganin barci. A 1903 Emil Fischer da Joseph von Mering suka fito da Veronal, kakan wani jinsin ƙwayoyi masu ƙarfi waɗanda ɗan ƙari kaɗan yake kashe mutum. A 1957 aka fara sayar da talidomaid a Jamus ta Yamma da sunan ba ta da lahani. Kafin a janye ta a 1961 an haifi jarirai kimanin dubu 10 da naƙasassun hannuwa da ƙafafu. A 1963 Valium ta fito, ta zagaye duniya, ta shigo kantunan magani na Kumasi kamar yadda ta shiga na ko'ina.

Ƙwaya tana aiki a daren farko, shi ya sa ake sonta. Amma jiki yakan saba, sai ɗaya ta koma biyu. Ranar da aka daina, rashin barcin ya dawo fiye da dā, mutum ya zaci ciwonsa ne ya ƙaru, alhali janyewar ƙwayar ce. Tsofaffi sukan tashi fitsari da dare cikin maye su fāɗi su karye. A 1988 hukumar kula da lafiyar magunguna ta Ingila ta gargaɗi likitoci kada su ba da irin waɗannan ƙwayoyi fiye da mako 2 zuwa 4. A Gana doka ba ta yarda a sayar da su ba sai da takardar likita.

Hanyar da ba ta da ƙwaya

A 1972 wani masanin halin ɗan adam a Amurka, Richard Bootzin, ya lura da wani abu mai sauƙi. Wanda ya daɗe yana fama, gadonsa ya zama masa wurin zullumi. Yana iya gyangyaɗi a kujera, amma da ya taɓa matashi sai ido ya bushe. Bootzin ya tsara dokoki: kada a kwanta sai barci ya zo, kada a mai da gado wurin cin abinci ko lissafin bashi, in barci bai zo ba bayan ɗan lokaci, a tashi a koma wani wuri sai gyangyaɗi ya dawo, a tashi da safe a lokaci ɗaya kullum ko da daren ya yi muni, a bar barcin rana.

A 1987 Arthur Spielman na birnin Niyok ya kawo bayani mai ƙafa uku. Akwai halitta, domin wani tun haihuwa barcinsa ba nauyi. Akwai abin da ya tayar da ciwon, kamar rasuwa, rashin lafiya, karyewar jari, ko dare irin na Nuwamba 1969. Sa'an nan akwai abin da yake riƙe ciwon bayan dalilinsa ya wuce: shiga gado da wuri domin a rama, daɗewa a kwance da safe, barcin rana, ƙarin goro domin a kori kasala, da tsoron daren gobe. Ƙafa ta uku ita ce kaɗai take hannun mutum. Spielman ya ce wanda yake kwana sa'a 9 a gado yana barcin sa'a 5 da rabi, a rage masa zaman gado zuwa sa'a 5 da rabi. Yunwar barci za ta taru, barcin ya haɗu wuri ɗaya. In ya yi kyau mako guda, a ƙara masa minti 15, a yi ta ƙarawa da kaɗan kaɗan. Yawanci ba a saukar da kowa ƙasa da sa'a 5.

Charles Morin ɗan Kanada ya ƙara gyaran tunani a kai, wato a zauna da mutum a tone maganganun da yake faɗa wa kansa cikin dare, irin su "In ban samu sa'a 8 ba zan haukace." Da aka haɗa waɗannan duka sai aka sami abin da za a kira gyaran tunani da ɗabi'a domin rashin barci. Likitoci suna taƙaita sunan da haruffan CBT-I. Yakan ɗauki zama 4 zuwa 8. A 1999 Morin ya buga gwajin da ya yi da dattawa 78: wasu suka sha ƙwaya, wasu suka bi sabuwar hanya, wasu suka haɗa. A mako 8 na farko duka sun taimaka. Bayan shekara 2, waɗanda suka koyi hanyar suna riƙe da ribarsu, ta masu ƙwaya kaɗai kuwa ta zube. A 2016 babbar ƙungiyar likitocin Amurka ta ce da wannan hanya ya kamata a fara, a 2017 masanan Turai suka faɗi haka su ma.

Wa zai amfana?

Ba kowa yake warkewa ba. Bincike da yawa ya nuna mutum 7 zuwa 8 cikin 10 suna samun sauƙi, amma waɗanda suke rabuwa da ciwon sarai kimanin 4 ne cikin 10. Tun da masu koyar da hanyar kaɗan ne, masana suka so su san tun da wuri wanda za a sa a gaba.

Da fari an zaci tsofaffi ba za su amfana ba, haka ma masu baƙin ciki da waɗanda suka daɗe a kan ƙwaya. A 2001 Colin Espie da abokan aikinsa a Sikotlan suka bi mutum 109 shekara guda bayan ma'aikatan jinya sun koya musu hanyar a ƙananan ƙungiyoyi. Kimanin kashi biyu cikin uku sun koma barci irin na kowa. Shekaru ko jinsi ba su nuna wanda zai warke ba. Masu shan ƙwaya sun amfana kamar sauran. Waɗanda ciwonsu ya fi tsanani ma sun sami babban canji. Da aka sake tambayarsu abin da suke yi a gida, sai aka ga abin da ya fi nuna nasara shi ne riƙe dokokin gado da ƙayyade lokacin kwanciya.

Wannan ya juya tambayar zuwa ga wanda zai jure. Makonni biyu na farko suna da wuya ƙwarai, domin mutum yakan ƙara jin gajiya kafin sauƙi ya zo. A 2008 masu bincike a jami'ar Stanford suka duba fiye da mutum 500, suka ga waɗanda suka fi gudu tun da wuri su ne masu barcin da bai kai sa'a 4 ba, da masu baƙin ciki mai nauyi. Irin waɗannan suna bukatar mai tsaya musu a kusa.

Akwai kuma maganar na'ura. Da yawa cikin masu cewa ba su runtsa ba, in aka auna su da na'ura sai a tarar sun yi sa'a 6 ko fiye. Wasu kuwa da gaske barcinsu gajere ne. Alexandros Vgontzas ya nuna a 2009 cewa wannan kashi na biyu sun fi haɗarin hawan jini. A 2017 wani bincike na mutum 60 a Amurka ya ga masu barcin ƙasa da sa'a 6 a na'ura ba su amfana kamar sauran ba. Amma bincike a Ostireliya da Jamus bai ga wannan bambanci ba, saboda haka masana ba su mai da shi dalilin hana kowa gwadawa ba.

Abin da aka daidaita a kai shi ne waɗanda dole su ga likita tukuna. Mai farfaɗiya, da mai ciwon da yake kai mutum sama cikin zumuɗi sa'an nan ya jefa shi ƙasa cikin baƙin ciki, rage barci yana iya tayar musu da ciwo. Mai minshari mai ƙarfi wanda numfashinsa yake tsayawa cikin barci yana da wani ciwo dabam. Direba da mai aiki da inji kada su rage barci ba tare da kulawa ba. Wanda ya daɗe a kan Valium kuma kada ya yanke ta rana ɗaya, sai a rage masa a hankali, domin yankewa farat ɗaya tana iya jawo jijjiga.

Yakubu da Ahasurus a Zongo

Ma'anar da likitoci suka ba ciwon rashin barci mai daɗewa tana da sharaɗi huɗu: wahalar barci dare 3 ko fiye a mako, har wata 3 ko fiye, tana ɓata aikin rana, kuma duk da cewa mutum yana da lokaci da wurin barci. Sharaɗi na huɗu shi ne ya fi shafar Zongo. Mai gadi, mai koko, da 'yan matan kayayei masu kwana a barandar kanti, su ne Yakubun wannan zamani. A ce musu su rage zaman gado zalunci ne. Abin da suke bukata shi ne hutu, gidan sauro, ɗaki, da maigidan da zai ba da ranar hutu. Mai cin goro da yamma da mai ataya, sai su matsar da shi zuwa safiya na mako biyu su gani. Dattijon da fitsari yake tasa sau biyar, ko mai ciwon gwiwa ko sukari, asibiti ne wurinsa.

Sauran kuwa su ne 'ya'yan Ahasurus. Gwauruwar da barci ya guje mata tun makokin mijinta, shekara uku ke nan, tana shiga gado tun bakwai tana jira. Ɗan kasuwar da ya biya bashinsa tuni amma ido bai koma daidai ba. Malamin makarantar da ya yi ritaya yana kwance har hantsi. Tarihin binciken ya nuna waɗannan ne hanyar ta fi dacewa da su, tsufa ko daɗewar ciwo ba sa hana su.

An tsara dokokin ne domin gidaje masu ɗakuna da yawa, saboda haka sai an lanƙwasa su. Wanda aka ce ya koma wani ɗaki alhali ɗakinsa ɗaya ne, sai ya sauka kan tabarma ko kujera, ko ya fita baranda. Inda gado shi ne kujerar baƙi da rana, a shimfiɗa masa wani zane da rana, a ɗauke da dare. Zongo kuma yana da nasa gata. Kumasi tana kusa da tsakiyar duniya, rana tana fitowa wajen ƙarfe shida duk shekara. Kiran sallar asuba da ƙararrawar addu'ar safe suna ba kowa lokacin tashi wanda ba ya motsi, wannan kuwa shi ne ginshiƙin dukan hanyar. Mai bin hanyar zai yi kyau ya ɗaga kwanan addu'a na dukan dare har makonnin su cika.

Bukata tana da yawa. Wani bincike da aka buga a 2012, na mutum fiye da dubu 40 masu shekara 50 zuwa sama a ƙasashe 8 na Afirka da Asiya, har da Navrongo, ya sami kimanin kashi 17 cikin 100 suna kukan matsalar barci mai tsanani, mata sun fi yawa. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa uku na Gana, wato na Akra na 1906, Ankaful na 1965 da Pantang na 1975, duk suna can bakin teku. A Kumasi sai sashen da yake Asibitin Komfo Anokye da wasu asibitocin gari. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012 ta nufi a kai kulawa cikin unguwanni. An kuma ga alamar cewa ba lalle sai babban masani ba. A 2023 wani gwaji a Ingila da mutum 642 ya nuna cewa ma'aikatan jinya, da gajeren zama 4 kawai, sun taimaki kashi 42 cikin 100, alhali cikin waɗanda aka ba takardar nasiha kaɗai kashi 17 ne suka sami sauƙi. A Zimbabuwe kuma, tun 2006, Likita Dixon Chibanda ya horar da kakanni mata suna zama a benci suna taimakon masu damuwa, bincike ya tabbatar da amfanin aikinsu.

Matakin farko ba ya cin ko pesewa ɗaya. Mai fama ya sami littafin rubutu, ko jikansa ɗan makaranta ya rubuta masa, kowace safiya har kwana 14: lokacin da ya kwanta, kimanin lokacin da barci ya ɗauke shi, sau nawa ya farka, lokacin da ya tashi, goro ko shayi nawa ya sha da kuma yaushe. Wannan takarda za ta nuna ko an ƙwace masa dare ne, ko kuwa yana da daren amma ya kasa morarsa. Da ita zai je wurin ma'aikacin lafiya, maimakon ya aiki yaro kantin magani. Iyali da maƙwabta kuma su san cewa aikinsu yana cikin makonni biyu masu wuya: su tashe shi a kan lokaci, su zauna hira da shi da yamma kada ya shiga gado da wuri, su ƙarfafa shi ranar da ya ce ya gaji. Hausawa sun ce dare mahutar bawa. Wanda aka hana wannan hutu a nema masa hakkinsa, wanda kuma ya manta hanyarsa a yi haƙuri a sake koya masa.